Digiri na biyu ko shagon Kawu? Inna na shirin jinginar da fadamarta saboda ni

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 27, daga wani ƙauye na bakin kogi a ƙasar Haɗejiya. Na yi digirina na farko a fannin kula da muhalli, na gama bautar ƙasa, yau kusan shekara biyu ina gida babu aikin albashi, sai taya Baba noma da koyarwar sa-kai a makarantar garinmu. Bana Allah ya sa na samu gurbin digiri na biyu a fannin sarrafa albarkatun ƙasa. Abin da nake so in bincika shi ne kachala, doguwar ciyawar ruwan nan da ta cinye mana fadama, ta toshe hanyar ruwa, har kusan kowace damina sai ambaliya ta leƙo cikin gari.

Baba ya ce bai yarda ba. Ya ce shanun huɗarsa ya sayar na yi na farko, har yau bai ga abin da ya dawo ba. Mutanen gari kuwa wasu duba-gari suke kirana, wasu dakta kachala. Kawuna, yayan Inna, yana da shagon sayen shanshera a kasuwa, ya ce in zo in riƙe masa awo da lissafi zai riƙa biyana, kuma Baba wannan yake so. Ita kuma Inna ta kira ni ɗaki ta ce za ta jinginar da 'yar fadamar da ta gada wajen mahaifinta, ba tare da Baba ya sani ba, in biya kuɗin makaranta. Ga yarinyar da nake nema, iyayenta sun ce in kaka ta wuce ba a sa rana ba za su ba wani. Malamin da zai duba aikina ma ya ce batun kachala ya tsufa, in koma kan auna iskar kabon da hotunan tauraron ɗan'adam, wai shi ne ake samun tallafi a kansa daga waje. Malam, barci ya ƙaurace mini. In bi son raina ne, ko in haƙura?

Daga wani matashi, jihar Jigawa.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yaye maka, ya saka wa mahaifiyarka da Aljanna. Matsaloli huɗu ka haɗa wuri guda kana juya su cikin dare, dole barci ya gagara. Amma ba duka ne suke da gaggawa iri ɗaya ba. Akwai wadda nake so ka kashe maganarta yau ɗin nan, ita ce jinginar fadamar Inna.

Kada ka yarda. Ba wai ba ta da iko da kayanta ba ne. Gadonta ne, shari'a ta mallaka mata, ko Baba ba shi da hurumin hana ta. Sai dai kai ɗan bakin kogi ne, ka san yadda jingina take ƙarewa. Wanda ya ba da kuɗi shi zai yi ta noma wurin har ranar da aka mayar masa, in ranar ta yi nisa sai ka ji ana cewa a ƙaro wani abu a cike ciniki. Ka ƙirga gonakin da ka san an jinginar a garinku, sannan ka ƙirga waɗanda suka koma hannun masu su. Malamai da dama ma suna da magana a kan jinginar da mai ba da rance yake cin amfanin gona, limaminku zai yi maka bayani. Kuma kuɗin digiri na biyu ba a rajista suke tsayawa ba. Ga hayar ɗaki, ga kuɗin mota tsakanin makaranta da wurin bincike, ga gwajin ƙasa da ruwa, ga sake buga kundi duk lokacin da aka yi maka gyara. Karatun da aka tsara a kan shekara ɗaya da rabi ko biyu yakan zarce, yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Kuɗin jinginar za su ƙare kana tsakiya, fadama kuma tana hannun wani.

Sai batun ɓoyewa. A ƙauye? Ranar da rani ya kama aka ji injin ban-ruwan baƙo yana ƙugi a fadamar Inna, kafin la'asar labari ya iske Baba a majalisa, kuma daga bakin wanda ba ya ƙaunarsa zai ji. Karatunka ba zai zo masa a rai ba a lokacin, abin da zai tsaya masa shi ne matarsa da ɗansa sun haɗa baki sun rufe shi. Kai kana makaranta, Inna ce za ta zauna da wannan a gida ɗaya da shi. Kar ka manta kuma Kawu ɗan'uwanta ne, gonar ta ubansu ce, shi ma ba zai ji daɗi ba. Ka je ka durƙusa gabanta, ka gode mata sosai, ka ce ka karɓi addu'arta amma ba ka karɓi jinginar ba. In tana son taimakonka da wannan fadama, akwai hanyar da ta fi: ta ba ka aronta ka noma da ranin nan, alkama ko shinkafa ko tattasai, duk wanda ya fi karɓar wurin, a gaban idon Baba da saninsa. Ku yi sharaɗi tun farko a kan rabonta, naka kuma ka ware shi domin makaranta.

Yanzu Baba. Na san maganarsa ta yi maka zafi, amma ka auna ta da mudunsa. Manomin da ya rabu da shanun huɗa ya koma yin haya ko fartanya, ba ƙaramin abu ya bayar ba. Ya bayar ne da tsammanin wata rana za ka ɗauke masa buhun taki da maganin asibiti, shekara biyu kuma yana ganinka a gida, yana jin ana yi maka shaguɓe a bakin masallaci. Duk sunan da aka kira ka da shi, shi ma yana sukarsa, wataƙila fiye da yadda yake sukarka. Mutumin da ya ƙi ilimi ba ya sayar da shanu a kansa. Shi dai ya biya sau ɗaya bai gani ba, ana ce masa ya sake biya. Kowane mai hankali tambayar da zai yi ke nan.

Kuma gaskiya tana gefensa a wani ɓangare, ba zan ɓoye maka ba. Takardar digiri na biyu ita kaɗai ba ta ɗaukar mutum aiki. Matasa da yawa sun koma jami'a ne don gudun zaman gida da tambayar mutane, suka fito bayan shekara uku suka tarar da zaman yana jiransu, ga bashi a kai. Ka tambayi zuciyarka tsakaninka da Allah ko akwai wannan a cikin niyyarka. In akwai kaɗan ba abin kunya ba ne, amma ka san da shi. Guraben aiki a wannan fanni suna nan, sai dai ba su da yalwa. Akwai ma'aikatun muhalli na jihohi, da hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da aka kafa a 2007, da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, da hukumar shirin ganuwar bishiyoyi ta Afirka da Najeriya ta kafa a 2015, wanda Jigawa da Kano suna cikin jihohi 11 da yake aiki a cikinsu. Akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai farfaɗo da ƙasar noma da ta lalace, na dala miliyan 700, da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Akwai kamfanonin da ke rubuta rahoton tasirin manyan ayyuka a kan muhalli, tunda dokar 1992 ta wajabta shi kafin a gina dam ko babbar hanya ko masana'anta. A duk waɗannan wurare, wanda ake riƙewa shi ne wanda ya iya zana taswira a kwamfuta, ya iya tattara bayanai daga bakin mutane ba tare da ya ƙirƙira ba, ya iya lissafinsu, ya kuma rubuta rahoto mai tsabta da Turanci. In koyarwa a jami'a kake hange, nan kam digiri na biyu dole ne, har da na uku.

To, ni ina ganin ya kamata ka yi karatun nan, kuma dalilina yana cikin wasiƙarka. Kana da tambaya taka ta kanka, wadda ka taso kana gani da idonka. Yawancin masu shiga digiri na biyu ba su da ita, sai an ba su. Bincike mai amfani a ƙasarmu ta nan yake fitowa. Michael Mortimore, Baturen da ya koyar da labarin ƙasa a Zariya sannan a Jami'ar Bayero, shekara da shekaru ya yi yana komawa ƙauyen Dagaceri na nan Jigawa tun bayan farin shekarun 1970, yana rubuta yadda talaka ke kai kansa gaɓa idan damina ta ƙi. Aikinsa a karkarar Kano ya nuna cewa yawan jama'a bai ƙarar da itatuwan gonaki ba, domin manomi yana tsaron ɗorawarsa da kukarsa da tsamiyarsa. A lokacin kuwa masana da yawa gani suke manomin ne ke jawo hamada. A ƙasar Maraɗi da Damagaram, manoma sun bar kututturan gawo da kalgo suna tofowa a gonaki, suna sassabe da zaɓe, har aka ƙiyasta wajen hekta miliyan 5 sun sake yin kore. A fadamarku ma, a farkon shekarun 1990 masu bincike sun yi lissafin abin da ruwan ambaliya ke samarwa na noma da kifi da itacen girki, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala fadamar Haɗejiya zuwa Nguru ya fi kawo amfani a kan kwatankwacinsa da aka tare wa manyan filayen ban-ruwa na sama. Wannan lissafi ya shiga cikin hujjojin da ake kafawa duk lokacin da aka tayar da maganar gina dam ɗin Kafin Zaki a kan kogin Jama'are. Ka ga ke nan abin da mai bincike ya rubuta yana iya taɓa tukunyar masunci a Guri ko Kirikasamma.

Batun malaminka kuwa, ban ga rigima a ciki ba, sai dai ban yarda kachala ta tsufa ba. Matsalar da har yanzu take korar mutane daga gonakinsu ba ta tsufa ba. Abin da wataƙila yake nufi shi ne an rubuta kundaye da yawa masu cewa kachala na cutar da manoma, a raba takardun tambayoyi, a tara amsa, a rufe. In haka ne yana da gaskiya, kada ka ƙara wani a kansu. Kowa a yankinku ya san tana cutarwa. Ka san asalin abin: tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, kogin ya daina tafiyarsa ta da, wato ya cika ya yi toroƙo da damina ya wanke hanyarsa, ya janye da rani ƙasa ta bushe. Yanzu ana sako ruwa har cikin rani, sai ya kwanta marar zurfi duk shekara, laka ta taru, wannan kuwa shi ne abin da kachala take so. In ta kafu sai ta ƙara rage gudun ruwan, laka ta ƙara taruwa, ita kuma ta ƙara samun wurin zama. Haka wasu rassan kogin suka toshe, ruwa ya karkata ta Marma ya nufi Nguru, wasu garuruwa suna nutsewa wasu suna neman na ban-ruwa. A cikinta jan-baki ke kwana ya wayi gari a kan shinkafa, ga sauro, ga dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya.

Abin da ya fi ƙaranci shi ne awo. Hekta nawa ta ci a gundumarku, a wace shekara ta fi gudu, ta wace hanya ta bi? Inda aka yi gayya aka yanke, ko inda injin yashe kogi ya bi, cikin wata nawa take dawowa? An san in aka sare ta a ƙarƙashin ruwa saiwarta takan rasa iska ta ruɓe, to a wane wata ne saran ya fi tasiri a fadamarku, kuma nawa yake ci wa manomi? Hotunan tauraron da malaminka yake so su ne za su amsa maka rabin waɗannan. Tauraron Landsat yana ɗaukar hoton ƙasa tun 1972, kafin a gama Tiga ke nan, kuma kyauta ake saukewa. Na Sentinel-2, da aka fara harbawa a 2015, yana rarrabe fili mai faɗin mita 10, yana dawowa duk bayan kwana biyar. In ka auna faɗin da kachala ta mamaye da nauyin ganyenta a kowace hekta, lissafin kabon da ke cikinta ya zo hannu, haka ma amsar masu son mayar da ita gawayi, kamar yadda ake yi a Senegal da Muritaniya, ko iskar gas ta girki da abincin dabbobi, wanda an riga an gwada a kwarin Haɗejiya. Ka rubuta wannan a shafi ɗaya, ka kai wa malamin da ladabi, ka nuna masa kayan aikinsa za ka ɗauka ka yi aikin garinku da su. Da wuya malamin kirki ya ƙi ɗalibin da ya zo da tambaya a tsare da kuma wurin bincike da ya sani kamar tafin hannunsa.

A nan ne kuma Baba zai shigo, kuma ba dabarar lallashi nake koya maka ba, bukatarsa kake da ita da gaske. Hoto daga sama ba ya gaya maka sunan gulbi, ba ya gaya maka shekarar da aka daina shuka shinkafar ambaliya a wuri kaza, ko inda burtali ya bi kafin ruwa ya cinye shi Fulani suka fara ratsa gonaki. Baba da sa'o'insa da Sarkin Ruwa su ne suka san wannan. Wata safiya ka ce masa, Baba, ina so ka zagaya da ni ka nuna mini inda ruwa yake tsayawa lokacin kuruciyarku. Ka riƙe littafi da biro, ka kunna taswirar wayarka kana ɗaukar alamar kowane wuri, ka yi shiru ka saurara. Daga baya ka buga hoton garinku na da da na yanzu a takarda babba, ka shimfiɗa masa a tabarma, ka bar shi ya gano gonarsa da yatsansa. Wannan ne karon farko da zai ga karatun da ya saya da shanunsa a gabansa. Ban ce zai sauya ra'ayi nan take ba. Amma daga ranar hirarku za ta sauya.

Shagon Kawu fa? Ka karɓa, kuma ka karɓa da hannu biyu. Na lura a wasiƙarka kamar kana ganin shiga shagon shi ne binne karatun. Ni ban ga haka ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ka zauna da Kawu ku yi magana a fili: nawa ne albashi, yaushe ake biya, kuma ka gaya masa tun yanzu kana da niyyar komawa makaranta, don kada gobe ya ce ka yaudare shi. Cinikin shanshera yana da lokacin zafi, bayan girbin damina da bayan na rani, tsakaninsu kuma kasuwa takan lafa. Ku tsara yadda za ka tsaya masa tsayin daka lokacin awo, ka kuma koya wa wani yaro riƙe littafi don ranar da ba ka nan. Aiki da ɗan'uwa yana da nasa ciwon kai, mafi yawa a kan kuɗin da ba a rubuta ba, saboda haka duk buhun da ya shiga ko ya fita ka rubuta. Ga wata riba da ba a lissafa ba: a bakin sikelin nan za ka san wane ƙauye ne ya kawo da yawa bana, wane ne ya ɓace daga kasuwa, kuma manoman da kansu za su gaya maka dalili.

Abin da nake ba ka shawara ke nan a dunƙule: ka nemi jami'ar ta ɗage maka gurbin zuwa zango mai zuwa. Jami'o'i da yawa suna yarda da haka in an nema a rubuce cikin lokaci, wasu sai an biya wani ɓangare na kuɗin karɓar gurbi. Shekarar nan ka yi ta kana aiki, kana noman rani, kana tara kuɗi a wurin da hannunka ba ya saurin kaiwa, kana kuma koyon manhajar QGIS ta zana taswira da KoboToolbox ta tattara bayanai, dukkansu kyauta ne, darussansu suna intanet. In babu kwamfuta, ita ce farkon abin da za ka saya, ko ta hannu ce. In ba a yarda da ɗagewar ba, kada ka ɗaga hankalinka, wanda aka ɗauka bana za a iya ɗaukarsa baɗi, kuma zai dawo da shiri fiye da na yau.

Ka kuma buɗe ido a kan tallafi. Cibiyar nazarin noma a yankuna masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero, da aka kafa a 2012, tana cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya tallafa, kuma tana da digiri na biyu da na uku a kan albarkatun ƙasa da sauyin yanayi. Ka riƙa bibiyar sanarwarta, da ta Jami'ar Tarayya ta Dutse, da ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa kusa da ku, da hukumar ba da tallafin karatu ta jiha. Asusun TETFund ma'aikatan manyan makarantun gwamnati yake ɗaukar nauyi, don haka in ka ga an buɗe gurbin mataimakin malami a jami'a ko kwaleji, ka nema ko albashin bai taka kara ya karya ba, ta nan ƙofar take. Tallafin Chevening na Ingila da wasu na DAAD na Jamus sharaɗinsu sai mutum ya yi aikin shekara biyu, ka ga zaman da kake ɗauka asara yana iya zama cikon sharaɗi, in dai ka nemi takardar shaida daga makarantar da kake koyarwa da duk inda ka yi aiki. Ka kuma kai kanka ofishin ACReSAL na jiha da sashen gona da gandun daji na ƙaramar hukumarku, ka ce kai ɗan yankin ne, ka iya tattara bayanai. Ayyuka irin waɗannan sukan ɗauki matasa na 'yan makonni, daga nan ake sanin mutum. Dajin Baturiya ma, da ke cikin jerin dausayin duniya na Ramsar tun 2008, yana cikin wurare goma da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a mayar gandun daji na ƙasa, wuri ne da ya kamata ka san ma'aikatansa su san ka. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka tallafi ko aiki, ka kama gabanka.

Sai yarinyar nan, wadda ka ambata a layi biyu kacal, alhali ita ce ranarta ta fi kusa. Iyayenta ba su yi laifi ba. Uba ba zai ajiye 'yarsa a kan "sai na gama karatu" da ba shi da wata ba shi da shekara ba. In kana sonta da aure, albashin Kawu da amfanin rani sun ba manyanka bakin magana. Su je su nemi a sa rana daidai ƙarfinka, a rage bidi'ar lefe da kayan gara, a yi abin da sunna ta tanada. Amma kafin su je, kai ka gaya mata gaskiya duka: cewa za ka koma makaranta, cewa za a yi shekara biyu ko uku ana ɗaure ciki, cewa wani lokaci za ka yi makonni ba ka gida. Ka bar ta ta zaɓa da saninta. In ta amince, ka samu abokiyar tafiya. In ita ko iyayenta suka ga ba za su iya ba, ka sake su da mutunci, kada ka riƙe 'yar mutane da alkawarin da kai ma ba ka san ranar cikarsa ba. Ka sani kuma aure da karatu a shekara ɗaya, a kan aljihu ɗaya, nauyi ne sosai. Wannan ma wani dalili ne na ɗage karatun zuwa baɗi.

Idan ka yi duk wannan, shekara ta zagayo, kuɗinka a hannu ba ka nemi ko akuya daga gida ba, Baba kuma ya ce har yanzu bai yarda ba, to kada ka yi fito-na-fito da shi, kada kuma ka sulale ka tafi. Ka nemi wanda yake jin nauyinsa, liman ko baffanka ko wani amininsa na kuruciya, ka yi masa bayani shi ya je. Ka tabbatar an gano ainihin abin da yake tsoro, domin sau da yawa ba karatun ba ne, tsoron tsufa ne ba babban ɗa a kusa, da wanda zai tsaya a gona ranar da ƙarfi ya ƙare. In wannan ne, amsarsa tana hannunka: wurin bincikenka bayan gidanku ne, kwasa-kwasan aji galibi shekarar farko ce, sauran lokacin kana fadama. Ka yi masa alkawarin abin da za ka iya cikawa kawai, kamar kuɗin huɗa kowace damina, ka kuma fara cikawa tun daga albashin farko. Ni da zan so ma, kafin kwamfutar ta cika shekara a hannunka, ka fara ajiye wani abu da sunan ɗan maraƙi.

Ka yi istihara a kan duka. Amma a makon nan abu uku ne ba sa jira: ka yi magana da Inna kafin ta kai maganar jingina kunnen wani mai kuɗi, ka je makarantar ka miƙa takardar neman ɗage gurbi tun wa'adin rajista bai rufe ba, ka karɓi kwafin da aka buga wa hatimi ka adana, sannan ka sa Baffa ya nemi rana wajen iyayen yarinyar. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ka gaishe da su Baba.